Gafara a Maimakon Ramuwa: Abin da Mai Hidima Zai Faɗa wa Wanda Aka Cuta

Akwai tambayar da kowane mai hidima zai gamu da ita, ko ya shirya mata ko bai shirya ba. Tana zuwa a bakin kabari, tana zuwa a ofishin fasto bayan an tashi sujada. Mai yin ta na iya zama matar da aka kashe mijinta a gona, ko dattijon da ƙaninsa ya sayar da filin gado a ɓoye, ko saurayin da aka ƙona masa shago. Kalmomin sukan bambanta, amma tambayar ɗaya ce: “Baba fasto, wato shi ke nan ya ci banza?”

Amsar da ta fi saurin zuwa bakinmu ita ce, “Yi haƙuri.” Haƙuri abu ne mai kyau, amma shi da gafara ba ɗaya ba ne. Mutum yana iya yin shiru shekara da shekaru yana jiran ranarsa. Absalom ya yi haka. Bayan Amnon ya ɓata ƙanwarsa Tamar, bai ce masa uffan ba har shekara biyu, sa'an nan ya gayyace shi wurin sausayar tumaki ya sa barorinsa suka kashe shi (2 Sama'ila 13). Wanda ya ga Absalom a cikin shekarun nan biyu zai ce ga yaro mai haƙuri. Saboda haka idan abin da muke koya wa jama'a bai wuce danne zuciya ba, ramuwar tana nan, jinkirta ta kawai muka yi. Nufin wannan darasi shi ne mu ga abin da Littafi Mai Tsarki yake nufi da gafara, da abin da mai gafartawa yake saki daga hannunsa, da kuma abin da ba a ce ya saki ba.

Lissafin Lamek da lissafin Yesu

Hausawa sun ce ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi. Karin maganar ta faɗi gaskiya game da halin ɗan Adam: mai ramuwa ba ya tsayawa a kan daidai, sai ya ɗora riba. Littafin Farawa ya nuna wannan tun a sura ta 4. Lamek, daga zuriyar Kayinu, ya yi wa matansa biyu fahariya cewa ya kashe mutum saboda rauni kawai da ya yi masa, ya kuma ce in an rama wa Kayinu sau bakwai, to, nasa sau 77 ne. An yi masa rauni, ya biya da kisa.

A kan irin wannan duniya ne Shari'ar Musa ta sauko. Dokar nan ta ido ɗaya a madadin ido ɗaya (Fitowa 21, Littafin Firistoci 24, Maimaitawar Shari'a 19) mutane da yawa suna karanta ta kamar izinin ramuwa. Linzami ce aka sa wa ramuwa. Ta ce hukunci kada ya wuce girman laifi, ta kuma sa shi a hannun alƙalai, da shaidu, da bincike. Wannan Shari'a ɗin ce ta hana Ba'isra'ile ɗaukar fansa ko riƙe ɗan'uwansa a zuciya (Littafin Firistoci 19:18), ita ce kuma ta keɓe biranen mafaka shida domin wanda ya yi kisa ba da gangan ba ya tsere wa dangin mamacin har a saurari maganarsa (Littafin Ƙidaya 35). Mai wa'azin da ya ce Tsohon Alkawari na ramuwa ne, Sabon Alkawari na gafara, bai yi wa Tsohon Alkawari adalci ba.

Da Bitrus ya tambayi Ubangiji ko sau bakwai ya isa a gafarta wa ɗan'uwa, yana ganin ya yi karamci. Amsar Yesu a Matiyu 18:22 wasu fassarori sun ba da ita 77, wasu kuma bakwai sau 70. Abin lura ga ɗalibi shi ne, kalmomin Helenanci da Matiyu ya rubuta su ne daidai waɗanda tsohuwar fassarar Helenanci ta Littafin Farawa ta sa a bakin Lamek. Yesu ya ɗauki lissafin da Lamek ya yi na ramuwa marar iyaka ya mai da shi lissafin gafara. Wanda ya tsaya yana ƙirga ko 77 ne ko 490, yana neman inda zai daina ne, kamar Bitrus.

Bashi ne, kuma wani ne yake ɗaukarsa

Nan da nan Yesu ya ba da misalin bawan da sarki yake bi talanti 10,000. A nan ya kamata mu zauna mu yi lissafi, domin yawancin masu sauraronmu ba su san nauyin waɗannan kuɗi ba. Dinari ɗaya shi ne ladan ɗan ƙodago na yini guda (Matiyu 20:2). Talanti ɗaya kuwa kimanin dinari 6,000 ne. Bashin bawan nan ya kai dinari miliyan 60 ke nan. In mutum yana aiki kwana 300 a shekara, bai ci ba bai sha ba, sai ya yi shekara 200,000 kafin ya biya. Marubucin tarihin Yahudawa, Yosifus, ya ce kuɗin shigar da ƙasar Yahudiya da Idumiya da Samariya take kawowa a zamanin Arkilayus talanti 600 ne a shekara. Saboda haka da bawan ya faɗi yana roƙo a ba shi lokaci zai biya duka, masu jin Yesu sun san magana ce ta wanda ya ruɗe. Sarkin ya ji tausayinsa ya yafe bashin ɗungum.

Sai ga abokin bautarsa da yake bi dinari 100. Mu masu wa'azi mukan yi kuskure a nan, mu ce ɗan abin da bai taka kara ya karya ba ne. Dinari 100 ladan kusan wata huɗu ne. Manomin da aka cinye masa amfanin rabin damina ba zai ce ba komai ba. Yesu bai raina abin da aka yi mana ba. Ya ajiye shi ne kusa da abin da Allah ya yafe mana, domin a ga bambancin. Laifin bawan nan shi ne ya fito daga gaban jinƙai ya kama maƙogwaron ɗan'uwansa, kamar babu abin da ya faru da shi a fada.

Kalmar Helenanci da aka fi amfani da ita a kan gafara a Sabon Alkawari, afiyemi, ma'anarta saki ko sallama, ana kuma amfani da ita a kan bashi. Wannan ya yi daidai da kalmarmu “yafe”. A Ibrananci akwai salak, wadda a Tsohon Alkawari Allah kaɗai ake cewa yana yin ta. Akwai kuma nasa, wato ɗauka ko ɗaga kaya, ita ce kalmar da 'yan'uwan Yusufu suka yi amfani da ita da suka roƙe shi gafara a Farawa 50:17. Ma'anar tana da nauyi. Bashin da aka yafe ba ya ɓacewa cikin iska. Mai bin bashin ne ya ɗauki hasarar. Sarkin ya rasa talanti 10,000. A kan gicciye Allah ya ɗauki nauyin abin da muka yi, shi ya sa Bulus yake kafa umarnin gafarta wa juna a kan gafarar da muka samu cikin Almasihu (Afisawa 4:32, Kolosiyawa 3:13). Idan muka ce wa gwauruwa ta gafarta, mu sani muna ce mata ta ɗauki kaya mai nauyi ne. Wanda ya faɗi wannan magana da sauƙin baki bai san abin da yake nema ba.

“Allah ya isa” da Romawa 12

To, me ya zama na adalci? Wannan ita ce ainihin tambayar wanda aka cuta, kuma Bulus ya amsa ta a Romawa 12:17-21. Ya hana masu bi rama wa kansu, dalilinsa kuwa shi ne sakayya ta Allah ce, shi zai yi ta. Bai ce ba za a yi shari'a ba. Ya ce mai ƙara ba shi ne alƙali ba. Ba mu san zuciya ba, ba mu san iyakar laifi ba, kuma hannun da yake rawa da fushi ba ya iya awo.

A nan akwai wani abu a harshenmu da ya kamata a bincika. Bahaushe in an cuce shi ya rasa yadda zai yi, yakan ce “Allah ya isa”, ko “na bar shi da Allah”. A fuska, wannan ya yi kama da koyarwar Bulus, har wasu masu bi suna ɗauka sun cika ta. Amma kowa ya san yadda ake furta “Allah ya isa”: sau da yawa la'ana ce, ramuwa ce da aka aika ta hannun wanda ya fi ƙarfi. Mai faɗinta yana zuba ido ya ji labarin hatsarin mota ko ciwon da ba ya jin magani. Ma'aunin da Bulus ya bayar yana cikin ayar da ta biyo baya, inda ya ɗauko daga Karin Magana 25 cewa a ba maƙiyi abinci in yana jin yunwa, a ba shi ruwa in yana jin ƙishi. Wanda ya bar magana a hannun Allah da gaske, hannunsa ya sami sarari ya miƙa ƙwarya. Yunusa ya bar Nineba da Allah, amma ya kafa bukka a gabashin birni yana jiran wuta, da jinƙai ya sauko kuwa sai ya yi fushi. Mai hidima zai iya tambayar ɗan ikkilisiya a hankali: in Allah ya ba mutumin nan tuba ya karɓe shi, za ka yarda?

Wannan ba ya nufin a hana wanda aka cuta kuka. Zabura 94 da 109 da 137 suna cike da kukan neman sakayya, rayukan shahidai ma a Wahayin Yahaya 6 suna tambaya har yaushe. Allah ya ajiye waɗannan a cikin Littafinsa domin fushin mai gaskiya ya sami inda zai je. Gara a kai shi gaban Allah da baki a kan a kai shi gidan maƙwabci da adda.

Kada kuma mu manta cewa babu rabon surori a wasiƙar da Bulus ya rubuta. Bayan ya hana ramuwa, nan take ya shiga maganar mahukunta, ya kira mai mulki bawan Allah mai hukunta mugu (Romawa 13:4), da kalma mai tushe ɗaya da wadda ya hana mai bi. Abin da aka karɓe daga hannun mutum ɗaya an ba hukuma. Don haka Kirista yana iya gafartawa ya kuma kai ƙara wurin 'yan sanda, ya tsaya shaida a kotu. Bulus kansa ya ƙi fita kurkukun Filibi a ɓoye bayan an yi masa dūka ba bisa doka ba, ya kuma ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. A birnin Charleston na Amurka, ranar 17 ga Yuni 2015, wani saurayi farar fata ya harbe baƙaƙen fata tara a wurin nazarin Littafi Mai Tsarki a majami'ar Emanuel. Bayan kwana biyu wasu daga cikin dangin mamatan suka faɗa masa a zaman kotu cewa sun gafarta masa. Shari'a ba ta tsaya ba, an yanke masa hukunci a farkon 2017. Ba dukan dangin ba ne suka furta gafara a ranar, ikkilisiya kuwa ba ta da ikon cewa waɗanda suka yi shiru sun kasa.

Labarin Absalom yana da gefe na biyu da ya shafe mu shugabanni. Dawuda ya ji abin da aka yi wa Tamar, ya husata ƙwarai, amma bai hukunta Amnon ba. Inda mai iko ya yi shiru, ramuwa takan sami ƙofa. Majalisar dattawan da ta rufe maganar ma'ajin da ya ci kuɗin baiko, ko ta mai da babban mutumin da ya lalata yarinya wata ikkilisiya a asirce, sa'an nan ta ce wa iyayen yarinyar su gafarta, ta yi amfani da sunan gafara ta rufe zalunci. Ni a ganina wannan ya fi wa'azin ramuwa ɓarna, domin yana sa mutane su ƙi jin kalmar gafara har abada.

Kunci na uku

A shekarun rikici an sha jin masu bi suna cewa sun juya kuncin dama, sun juya na hagu, ba su da na uku. Maganar ta fito daga ciwo na gaske, bai kamata a yi mata dariya ba. Amma a duba abin da Yesu ya faɗa a Matiyu 5:39. Ya ambaci kuncin dama. Mai amfani da hannun dama in zai mari wanda yake fuskantarsa a kuncin dama, da bayan hannu zai yi, wannan kuwa marin wulaƙanci ne. Mishna, tarin dokokin malaman Yahudawa da aka haɗa wajen shekara ta 200, ta sa tarar marin bayan hannu ninki biyu na marin tafi. Abin da Yesu yake magana a kai shi ne cin mutunci da kuma marmarin mayar da shi. Shi kansa da aka mare shi a gaban babban firist, bai rama ba, bai kuma yi shiru ba. Ya tambayi mai marin dalilinsa (Yahaya 18:23).

Ko mai bi zai iya kare iyalinsa da ƙarfi sa'ad da aka kawo hari, ikkilisiyoyi sun bambanta. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ta gaji koyarwar ƙin ɗaukar makami, ta kuma riƙe ta har bayan sace 'yan matan Chibok, waɗanda yawancinsu 'ya'yanta ne, da ƙwace hedkwatarta a Kwarhi a 2014. Wasu ɗarikoki sun yarda da kāre kai. Wannan muhawara ce ta wani darasi. Abin da babu ɗarikar da za ta iya kāre shi daga Littafi Mai Tsarki shi ne harin ramuwa: a kwana, a shirya, a je a auka wa mutanen da laifinsu kawai addininsu ko ƙabilarsu ɗaya da maharan.

Yelwa ta ƙaramar hukumar Shendam a Jihar Filato ta nuna inda wannan hanya take kaiwa. Bisa binciken da ƙungiyar Human Rights Watch ta wallafa a 2005, a ranar 24 ga Fabrairu 2004 an kashe Kiristoci fiye da 70 a garin, da yawansu a harabar majami'a. A ranakun 2 da 3 ga Mayu Kiristoci masu makamai suka kewaye garin suka kashe ɗaruruwan Musulmi. A ranakun 11 da 12 ga Mayu aka rama a Kano, inda mutane fiye da 200 suka mutu, yawancinsu Kiristocin da ba su taɓa taka Yelwa ba. A ranar 18 ga Mayu gwamnatin tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci a Filato. Kowane mataki, masu yin sa sun kira shi ramuwa a kan na baya, kowane kuma ya fāɗa a kan waɗanda ba su da hannu. Lissafin Lamek ke nan. Fasto ya sani abin da ya faɗa a jana'izar farko, da abin da ya ƙi faɗa, yana cikin abubuwan da suke yanke ko za a yi ta biyu.

Gafara da sulhu

Ɗalibai sukan tambaya ko dole sai mai laifi ya tuba kafin a gafarta masa. Luka 17:3-4 ya haɗa gafara da tsawatawa da tuba. Markus 11:25 kuwa ya ce mai addu'a ya yafe duk abin da yake riƙe da shi a kan kowa, ba a ambaci tuba ba. Istifanas ya yi wa masu jifansa roƙo duwatsu suna sauka a kansa. Hanyar da ta fi dacewa a haɗa waɗannan ita ce a bambanta abu biyu. Sakin ramuwa da yi wa mai laifi fatan alheri a gaban Allah aikin mutum ɗaya ne, ba ya jiran kowa. Sulhu, wato komawar zumunci da amana, aikin mutum biyu ne, yana bukatar gaskiya da tuba, da mayar da abin da aka ƙwace in zai yiwu, kamar yadda Zakka ya yi.

Yusufu yana da shekara 17 aka sayar da shi, shekara 22 suka wuce kafin ya bayyana kansa ga 'yan'uwansa. Bai cutar da su ba sa'ad da suka faɗo hannunsa, har ya mayar musu da kuɗin hatsi. Amma bai buɗe musu zuciyarsa ba sai da ya gwada su ya ga Yahuza ya yarda ya zama bawa a madadin Biliyaminu. A ƙarshe ma bai ce ba komai ba. Ya faɗa musu a fili cewa mugunta suka nufa, Allah ne ya juya ta. Haka Bulus a 2 Timoti 4: ya bar Iskandari maƙeri a hannun Ubangiji, a aya ta gaba kuma ya gargaɗi Timoti ya yi hankali da shi. Saboda haka matar da mijinta yake dūkanta tana iya gafarta masa tana zaune a gidan iyayenta, aikin dattawa kuwa shi ne su fuskanci mijin, su tabbatar da tubansa na tsawon lokaci kafin a yi maganar komawa. Wanda ya ci kuɗin ikkilisiya ya tuba, a karɓe shi a teburin Jibin Ubangiji, amma ba lalle a mayar masa da makullin akwati ba.

Abu na ƙarshe shi ne lokaci. Fasto James Wuye na Kaduna ya jagoranci matasan Kirista a rikicin 1992, inda ya rasa hannunsa na dama. Imam Muhammad Ashafa yana ɗaya ɓangaren, ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. An haɗa su a 1995, suka fara aiki tare, daga baya suka kafa cibiyar sasanta rikici tsakanin addinai, su ne kuma suka shiga tsakani a Yelwa har aka kai ga yarjejeniyar zaman lafiya a 2005. Wuye ya sha faɗa a bainar jama'a cewa shekaru kusan uku na farko yana tafiya tare da Ashafa, amma tunanin kashe shi bai bar zuciyarsa ba, sai da wani ɗan'uwansa mai hidima ya nuna masa cewa ba zai iya wa'azin Almasihu da ƙiyayya a ciki ba. Fasto ne, ya san ayoyin duka, amma sai da ya ɗauki shekaru.

Wannan ya kamata ya gyara yadda muke zuwa gidan makoki. A ranar farko, abin da ake nema daga wanda aka cuta, da matasan da suka taru a ƙofar gida, shi ne kada hannu ya ɗauki makami. Wannan kam ba ya jira, fasto ya faɗe shi a fili ko da za a ce masa matsoraci. Sauran aikin na watanni ne. A saurari labarin sau nawa aka maimaita shi, a kira laifin da sunansa, a raka iyalin wurin hukuma, a kuma duba abincinsu da kuɗin makarantar yara. In lokaci ya yi, a fara da ƙaramin abu: a roƙi mutumin ya ambaci sunan wanda ya cuce shi a cikin addu'a, ko da abin da zai iya faɗa bai wuce roƙon Allah ya ba shi ikon so ya gafarta ba. Wasu za su dawo bayan shekara su ce fushin ya taso kuma, ranar da suka ga mutumin a kasuwa, suna tsoron gafararsu ta farko ƙarya ce. A nuna musu Matiyu 18:22, a gaya musu cewa laifi ɗaya ma yana iya bukatar a yafe shi sau da yawa.